Shawarwarin da muka tsinta kan ɓoye sikila

Shirin nan mai dogon zango da muke kallo da daddare ya tayar da ƙura a tsakar gidanmu. Magidanci ya ɓoye wa amaryarsa cewa jininsa AS ne, wato yana ɗauke da ƙwayar gadon sikila ko da yake shi ba ya ciwon, sai da ɗansu ya kwanta yana kukan ciwon ƙashi gaskiya ta fito.

Yawancinmu mun tsaya kan magana ɗaya: a yi gwajin jini tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, ba sai an sa rana kunya ta rufe bakin kowa ba. Wata ma'aikaciyar jinya a cikinmu ta ce idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato jariri mai ciwon sikila. Kowane ciki fa, ba ɗa na huɗu ba. Ku je asibiti tare, ku karɓi takardar da hannunku.

Inna ta ce rufin asiri ibada ne. Haka ne, amma ni ban yarda ya kai ga cutar da jariri ba. A Kano ma tun 2024 doka ta wajabta gwajin kafin aure.

Kan matar da aka yaudara kuwa kai ya rabu, sai dai an fi karkata ga ta fara sanar da waliyyinta.