Batura huɗu sun mutu: a gyara ko a ba 'yan gwangwan?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Batura huɗu gare ni na sola, masu ruwa, 200Ah (ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa), shekara biyu da rabi. Da can suna kai mu asuba da fanka uku da firiza, yanzu ƙarfe goma sha ɗaya inbata ta fara kuka. Wani yaro nan Mabera ya ce zai zuba masu sabon asid su dawo kamar sabbi. 'Yan gwangwan kuma sun taya. Mi kuka gani?

Ɗan Arkilla: Wa'alaikumus salam. Shekara biyu da rabi cikin zafin Sakkwato? Yallabai, ka yi sadaka, sun yi maka ƙoƙari.

Mai Sola: A ina suke ajiye tukuna?

Baban Khalifa: Ɗakin ajiya, kusa da kicin.

Mai Sola: Wanda ba shi da taga, rufin kwano? To ga amsa nan. Batirin dalma, wato irin naka mai ruwa, ya fi son zafin digiri 25. Duk ƙarin digiri goma bisa haka kusan rabin kwanansa yake ci. Mu kuma daga Maris zuwa Mayu sama da 40 muke wuni. Ga firiza yana tsotse su har ƙasa kullum, alhali bai kamata su wuce rabi ba.

Kawun Yara: Baban Khalifa, don Allah kada ka bari a buɗe batir cikin gidanka. Ni na yi, na gani. Bara waccan wani mai gyara ya zo mani da irin wagga magana, har da rantsuwa. Tsakar gida ya zauna, gindin darbejiya, ya kife batura biyu, baƙin ruwa ya kwarara wajen magudana. Siminti ya yi ta kumfa, ya yi fari. Ya sa guduma da kurfi ya fasa murfin guda, wai zai canza farantin dalma na ciki da ya mutu. Wani baƙin laka ya zubo, ya bushe, iska ta kwashe. Sai da marece na ga autana, ɗan shekara biyu, yana rarrafe wurin yana kai hannu baki. Uwargida ta ɗora hannu a ka. Munka kai shi asibiti aka duba, Allah ya kiyaye, amma likita ta yi mani faɗan da ban taɓa sha ba, ta ce dalma ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, kuma ƙwaƙwalwar yara take ci. Ƙarshe sai da na sa aka fasa simintin wurin aka kwashe ƙasar. Batura kuma? Kwana tara sunka yi suna riƙe wuta, sannan sunka koma gidan jiya. Mai gyara ya kashe waya. Kuɗin gyara, kuɗin asibiti, kuɗin birkila, duk ni.

Maman Ummi: Innalillahi. Kawu, Allah ya tsare gaba. Dalmar nan ce fa ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, su Bagega da Dareta.

Ɗan Arkilla: Wancan ai haƙar zinari ne Hajiya, ba batir ba.

Maman Ummi: Na sani. Dutsen da suke niƙawa cikin gidaje ne ke da dalma. Gubar ai guda ce, ko daga rami ta fito ko daga batir.

Mai Sola: Gaskiyarta. Kuma canjin asid yaudara ce. Ba ruwan ne ya mutu ba, farantan ciki ne sunka yi tsatsar fari ko sunka zube. Abin da ake ƙarawa batir mai rai ruwan da aka tace ne, irin na kwalba da masu batir ke saidawa, ba na rijiya ba, ba fiya wata ba.

Na Gawon Nama: Ni fa fiya wata nake zuba ma nawa, lafiya lau.

Ɗan Arkilla: Ka ƙara masu da fura, su ji daɗi.

Na Gawon Nama: Kai dai ka biya bashin adashe tukuna.

Injiniya: Ku bar wahala, ku koma lithium. Ba ruwa, ba nauyi, kana cin kashi 80 na abin da ke ciki ba ya damuwa.

Na Gawon Nama: Injiniya, da wane kuɗi? Mu talakawa ne.

Injiniya: Lissafa sau nawa ka sayi mai ruwa cikin shekara shida, ka dawo mu yi magana. Sai dai a kula da waɗanda yara ke haɗawa da tsofaffin batiran laftof. In babu BMS mai kyau, wato na'urar da ke kula da caji da zafin batir, wuta suke kamawa, kuma ba ta jin ruwan bokiti.

Mai Sola: Shi ma lithium ɗin zafi na cinsa, kada a ruɗi mutane. Baban Khalifa, kafin ka saida, a auna kowane ɗaya da lodi a kansa, wato yana ba wani abu wuta. Sau da yawa guda ne ya mutu yake jan sauran. Amma kada ka haɗa sabo da tsofaffi, tsofaffin za su kashe shi.

Maman Ummi: Ni tambayata, 'yan gwangwan ɗin in sun saya ina suke zubar da ruwan?

Kawun Yara: Kwata, 'yata. Na gani da idona, don nauyin dalma kawai suke biya. Gara ya mayar wa dila, a cire masa kuɗin tsoho cikin sabo, batir na rufe yadda yake.

Injiniya: Dilan shi ma su yake saida wa, Kawu.

Baban Khalifa: To yanzu in auna ko in saida?

Ɗan Arkilla: Wai an kawo wuta Runjin Sambo? Mu nan tun jiya shiru.