Ƙin karɓar kofin Bature ne ya ɓata tafiyar?

Ɗan Hunƙuyi: Assalamu alaikum. Ƙanena ya je Afirka ta Kudu neman ilimin noman inabi, aka kai shi da abokan tafiyarsa wata gona a garin Stellenbosch. Ashe masu yin giya ne. Suna isa aka jera kofuna, ya ɗaga hannu ya ce a'a, ya koma gefe. Daga nan mai gonar ya janye jiki, bai ƙara bi ta kansa ba. Ni a ganina, muddin ba ka shan abinsu, mutanen nan ba za su koya maka komai ba.

Malami a Samaru: Wa alaikumus salam. Alhaji, ban yarda ba. Tun 1659 ake matsa inabi a yankin Kef, inda Stellenbosch yake, kuma Musulmi sun yi ɗaruruwan shekaru a can. Mai gona ya san akwai waɗanda ba sa sha. Abin da ya gani shi ne baƙo ya juya masa baya ba bayani. A wurinsa miƙa kofin nan karramawa ce, kamar ka tsinko wa baƙo inabin da ya fi nuna a gonarka.

Ƴar Tudun Wada: Malam, ko karramawa ce, yaron ya yi daidai. Hadisi ya hana mumini zama a teburin da ake zagayawa da giya. Allah ya yi masa albarka.

Malami a Samaru: Hajiya, ba wanda ya ce ya sha ko ya zauna. Abin da nake nufi shi ne a sanar da su tun kafin a tashi daga Zariya: mu Musulmi ne, gona muka zo gani.

Ɗan Hunƙuyi: Da wane baki zai yi bayanin? Turancinsa na makaranta ne, su kuma magana suke da sauri, suna surkawa da harshensu na Afirkans. Tafinta ma babu.

Manomi daga Kudan: Duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Tun farko ba gonar da ta dace aka kai shi ba. Inabin giya ƙanana ne, fatarsu kauri, ga ƙwallaye a ciki. Namu na ci ne, mai saye girman ƙwaya da kyan ido yake dubawa, don haka kulawar ma ta bambanta. Masu irin namu a ƙasar suna kwarin Hex River. Wanda ya shirya tafiyar bai tambayi wane iri muke nomawa ba.

Ɗan Hunƙuyi: Na ji wannan, Baba. Amma har yanzu ina ganin da mai gonar ya so, da ya kira shi gefe ya tambaye shi dalili.