Wace kalma za mu ba "emulator"? Batun kunna Railroad Tycoon a kwamfutar yau

Mai gyaran kwamfuta, Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum. Malamai, ana shirya bayani da Hausa kan yadda ake kunna Railroad Tycoon na 1990, wasan Sid Meier da kamfanin MicroProse ya fitar. A cikinsa mutum yake shimfiɗa layin dogo, ya gina tashoshi, ya sayi kawunan jirgi, ya yi gogayya da wasu kamfanoni a kasuwar hannun jari. Wasa ne da ya dace da mu yanzu da ake aikin layin Kano zuwa Maraɗi wanda zai ratsa Daura da Katsina.

Ga inda gizo ke saƙar. Wasan na DOS ne, tsohon tsarin da ke tafiyar da kwamfuta kafin Windows ya yi ƙarfi, na zamanin 16-bit. Windows mai 64-bit ba ya ɗaukar irin waɗannan manhajoji, Windows 11 kuwa 64-bit ne kaɗai. Ko sau ɗari ka danna fayil ɗin, ba zai tashi ba. Dole a bi ta wata manhaja irin DOSBox, wadda ake kira emulator. Kalmar nan ce ta tsaya mana. Mu rubuta "emuleta" mu wuce, ko akwai ta gida?

Injiniya, Rafindadi:
Wa alaikumus salam. Kafin a raɗa wa abu suna, a san aikinsa. DOSBox ba gyara wasan take yi ba. Tsohuwar kwamfuta sukutum take ƙerawa a cikin sabuwa, da manhaja zalla: furosesa (ƙwaƙwalwar da ke aiwatar da umarni) irin ta da, katin hoto, katin sauti na AdLib da Sound Blaster, har da DOS ɗin kansa. Wasan yana aika umarninsa kamar yadda ya saba, ita kuma tana amsa masa kamar ƙarfen 1990 ne a gabansa.

Ana ganin haka tun daga matakin farko. Ka buɗe sabuwar folda a faifan C mai gajeren suna, misali wasanni, ka zuba fayilolin wasan a wata folda cikinta, a ce rrt. Ka kunna DOSBox ka rubuta mount c c:\wasanni, sannan c:, sannan cd rrt, sannan dir don ka ga fayil mai ƙarewa da BAT ko EXE, ka rubuta sunansa. Daga nan wasan ya ɗauka foldar wasanni ita ce faifansa gaba ɗaya, bai san da sauran kwamfutar ba. Sunan folda kada ya wuce harafi 8, kuma ban da tazara a ciki, domin DOS harafi 8 ya sani da 3 na ƙarshe bayan ɗigo, kamar EXE. Mai tsawo sai a gutsure shi a liƙa masa ~1, mai koyo ya rasa inda foldarsa ta shiga. Kada kuma a ajiye wasan cikin Program Files. Windows yana hana rubutu a can, sai mutum ya yi awa uku yana gina layi, ya adana, gobe ya tarar babu komai.

Saboda haka kalmar da za mu zaɓa ta nuna abu ne da ke yin irin halin wani.

Ɗalibar kimiyyar kwamfuta, Daura:
To Injiniya, me zai hana "tafinta"? Wasan yana magana da tsohon harshe, kwamfuta tana jin sabo, DOSBox tana tsakani.

Injiniya, Rafindadi:
Ƙanwata, kalmar ta yi kyau, amma akwai mai ita. A adana ta don Wine, wadda ake kunna manhajojin Windows da ita a Linux, wani tsarin tafiyar da kwamfuta dabam da Windows. Wine ba ta ƙera furosesa. Buƙatun manhaja kawai take juyawa zuwa abin da Linux ke ji, har masu ita sun sa a cikin sunanta cewa ita ba emulator ba ce. Wannan shi ne tafinta na sosai. DOSBox kuwa har a wayar Android ana kunna ire-irenta, alhali furosesar waya ta ARM ce, ba ta da dangantaka da ta tsohuwar kwamfuta. Ba fassara kaɗai ke nan ba, an kwaikwayi injin ne kacokan.

Malamin Hausa, Sabuwar Unguwa:
Injiniya, ai ka faɗi kalmar da bakinka: kwaikwaya. Hausa tana da ƙirar da take fitar da sunan kayan aiki daga aikatau, da ma- a gaba da -i a baya. Buɗe ya ba mu mabuɗi, goge ya ba mu magogi. Kwaikwaya sai ta ba mu makwaikwayi. Wanda bai taɓa jin ta ba ma zai gane ma'anarta, kuma ba a ce mun aro ba.

Abu ɗaya a kula. A rubuce, makwaikwayi na mutum da na kayan aiki iri ɗaya ne, karin sauti ne ke raba su: na kayan aiki duk sama ake furta shi kamar mabuɗi, na mutum kuwa tsakiyarsa ƙasa take kamar maɗinki. Jam'i ma ya raba su. Mutane makwaikwaya ne, kayan aiki kuwa makwaikwayai, kamar mabuɗai.

Ban goyi bayan "manhajar kwaikwayo" ba. A kunnen Bahaushe, kwaikwayo kusa da kalmar wasa sunan dirama ne. Ka rubuta "manhajar kwaikwayon wasa", rabin masu karatu za su zaci ta kallon fim ce.

Mai gyaran kwamfuta, Ƙofar Ƙaura:
Allah ya gafarta Malam, wani ya kawo "sojan gona", wani kuma "makwafi".

Malamin Hausa, Sabuwar Unguwa:
Sojan gona akwai zamba a cikinta, za a ɗauka manhajar ɓarayi ce, alhali DOSBox kyauta ce kuma halal. Makwafi kuwa abin da ya maye gurbin wani ne. Ta fi dacewa da irin OpenTTD, wanda aka sake ginawa a kan tsarin Transport Tycoon Deluxe na 1995, yake tashi kai tsaye a kwamfutar yau ba tare da DOSBox ba.

Injiniya, Rafindadi:
Makwaikwayi ta zauna, don har matsalolin ma tana bayyana su. Kwaikwayo yana iya zarcewa, yana iya gazawa. Wasanni da yawa na wancan zamani da saurin furosesa suke auna tafiyarsu. DOSBox tana farawa da 3000 a ma'aunin da take kira cycles, wato adadin umarnin da take aiwatarwa a kowane kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, kuma lambar tana nan a saman tagarta. In jirage na rarrafe, taswira na jan ƙafa, a danna Ctrl da F12 a ƙara. In saƙonni na wucewa kafin a karanta, Ctrl da F11 a rage. A laftof da yawa sai an haɗa da Fn, in ba haka ba hasken allo ko ƙarar sauti za ka yi ta canzawa. In an sami lambar da ta yi daidai, a rubuta ta a fayil ɗin saitin DOSBox, a ce cycles=fixed 3000 ko abin da ya dace, layukan mount kuma a zuba su a sashen autoexec na ƙarshen fayil ɗin, an huta da rubutawa kullum.

Hoto ma haka. Tsohon allo 4 bisa 3 ne, ɗigon hoto 320 sau 200 na lokacin kuma ba murabba'i ba ne. In ba a sa aspect=true a fayil ɗin saitin ba, taswirar Ingila sai ta fito a daɓe kamar an zauna mata. Alt da Enter na cika allo, Ctrl da F10 na sako linzami in ya maƙale a cikin taga.

Ɗalibar kimiyyar kwamfuta, Daura:
Na karɓa, Malam. Amma a bayanin a raba shi da Railroad Tycoon II na 1998, don shi na Windows ne, DOSBox kai tsaye ba ta kunna shi. Shi ana danna dama a kan fayil ɗinsa, a shiga Properties, a shiga Compatibility, a zaɓi Windows 98 ko XP, in launuka sun rikice a rage su zuwa 16-bit. A nan babu injin da aka ƙera. Windows ne ke gaya wa wasan cewa shi tsoho ne, alhali shi ne dai. Kada a kira wannan makwaikwayi. Ni "shigar burtu" ta zo mini, yadda maharbi ke ɗaura kan burtu a goshi ya sunkuya, tsuntsaye su ɗauka ɗan uwansu ne.

Malamin Hausa, Sabuwar Unguwa:
Madalla da wannan ido, 'yata. Hoton ya fito, sai dai mai shigar burtu farauta yake yi, mai karatu zai iya jin tsoron dannawa. Wajen sunan maɓallin Compatibility a rubuta "yanayin dacewa", shigar burtu kuma a yi amfani da ita wajen bayyana yadda yake aiki.

Mai gyaran kwamfuta, Ƙofar Ƙaura:
Na gode, Allah ya ƙara basira. Ga layin farko yadda zai fita: "Railroad Tycoon na 1990 ba ya tashi a Windows 11 sai ta cikin makwaikwayi, wanda aka fi sani kuwa shi ne DOSBox." Saura mount. "Ɗora folda" nake shirin sawa, in Malam bai ga aibi ba.