Ladoke Akintola, yaron Minna da ya mulki Yamma

Ɗan Bosso:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk 15 ga Janairu Sardauna da Tafawa Ɓalewa muke tunawa, kuma sun cancanta. Amma akwai Bayaraben da ya faɗi a Ibadan a wannan daren, daren juyin mulkin 1966, wanda ya yi ƙuruciya a garinmu, Minna. Da shi zan buɗe. Amsa-amo "wa" ne.

Bismillahi, da shi nake buɗewa,
Sarkin da ba ya gyangyaɗi ko mantuwa.

Samuel Ladoke, ɗan Akintola,
A Ogbomosho aka yi haihuwa.

1910 ce shekarar,
Bai kai biyar ba suka yo tahowa.

Ubansa falke ne, ya sauka Minna,
Ya kafa sana'a cikin kasuwa.

Nan ya fara boko gun 'yan mishan,
Nan Hausa ta zauna masa, ba gushewa.

Ya koma gida, ya koyar a Ikko,
Ya riƙe jaridar Daily Service yana tacewa.

Sai Ingila, ya karanci shari'a,
A 1949 ya samu kammalawa.

Dattijon Fagge:
Wa alaikumus salam. Ɗana, waƙarka ta yi daɗi, amma ka tsaya kafin Mayun 1953. Mu a Fagge ba mu manta ba.

Ɗana, tsaya, kar ka yi saurin yabo,
Akwai tabon da ba ya gogewa.

Enahoro a majalisa ya ce mulkin kai ya zo a 1956,
Sardauna ya ce a shirya, ban da gaggawa.

'Yan Ikko suka yi wa manyanmu ihu,
Har tashar jirgi ana zagi da tsawa.

Raunin bai warke ba sai ga tawaga,
Akintola a gaba, Kano suke nufowa.

Kwana huɗu tsakanin Fagge da Sabon Gari,
Adda da gora, hayaƙi na tasowa.

Mutum 36 hukuma ta ƙirga,
Babana ya ga wasu ana binnewa.

Wanda ya ji Hausa tun yana yaro,
Me ya hana shi jin kashedin Kanawa?

Malama Bazazzagiya:
Baba, ban musa maka ba, Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Ka ba ni izini in ɗora daga inda ka ajiye.

Baba, gaskiyarka, jini ya zuba,
Amma shekara huɗu ta kawo sauyawa.

A 1957 Akintola ya miƙe a majalisa,
Ƙudurin 'yanci ya sake gabatarwa.

Wannan karon Arewa ta ɗaga hannu,
Har ya zam minista gun Tafawa Ɓalewa.

Awolowo ya nufi Ikko a 1959,
Ya bar masa kujerar Firimiyan Yamma da riƙewa.

Nan fa hanya ta rabu gida biyu,
Jagora ya ce adawa, ba sassautawa.

Shi ko ya ce Yarbawa su shiga gwamnati,
Kar a raba nama suna waje suna dubawa.

Taron jam'iyyarsu a Jos na 1962,
Nan ƙwarya ta fashe, ba ɗinkewa.

Ni dai a wannan gaɓa ina ganin ya fi maigidansa hangen nesa. Jam'iyyarsu ta Action Group ta kira shi maci amana, alhali abin da ya nema shi ne a zauna da Arewa a tukunya ɗaya.

Lauyan Tudun Wada:
Ranki ya daɗe Malama, hangen nesan na yarda. Ku yi mini afuwa in sauya amsa-amo zuwa "ci", don maganata ta kotu ce, kuma tana ci mini rai.

Gwamna Aderemi, Sarkin Ife,
Ya ce ya tuɓe Akintola daga shugabanci.

Takarda ce 'yan majalisa suka sa hannu,
Ba a zauna an ƙirga su ba a kan benci.

Ran zaman aka yi jifa da kujeru,
Sandar majalisa ta karye, ba mutunci.

Dokar ta-ɓaci, aka kawo Majekodunmi,
Likita ya riƙe Yamma na ɗan lokaci.

Kotun ƙolin Ikko ta ba Akintola,
Landan ta ba Adegbenro, wanda aka sa a gurbinsa, hukunci.

Sai aka gyara tsarin mulkin Yamma,
Aka ja shi baya, aka toshe adalci.

Akintola lauya ne, ya san ma'anar haka,
Shi ya sa abin ya fi yi mini ƙunci.

'Yar Sabon Ibadan:
Yaya lauya, ka taɓo inda ke mana ciwo. A Sabo, unguwar Hausawa ta Ibadan, aka haife ni, kakata goro take sayarwa, ita ta ba ni labarin zaɓen Oktoban 1965. Na koma "wa".

Akintola ya kafa jam'iyyar NNDP, 'yan Demo ake ce musu,
Da NPC ta Sardauna suka ƙulla, ba kwancewa.

Awolowo na kurkuku, shekara goma,
Mutanensa a waje zuciya na tafasowa.

Aka yi zaɓe, aka ce Demo ta lashe,
Talakan Yamma ya ce sata ce, ba yardawa.

"Wetie" suke cewa, jiƙa shi da fetur,
Gida da mota da mutum suna ƙonewa.

Kakata ta ce magariba na yi,
Sai a ja ƙyaure, ba mai leƙawa.

Abotar manya a can sama aka ƙulla ta,
Mu baƙi a ƙasa muke kwana da fargabawa.

Kun ce gada ya gina zuwa Arewa,
Gadar da mutanensa suka ƙi hayewa.

Ɗan Bosso:
Ƙanwata, na ji, kuma ban wanke shi daga zaɓen nan ba. Saura kwana biyun ƙarshe, su ne suka sa na buɗe wannan zance.

Aare Ona Kakanfo aka naɗa shi,
Sarkin yaƙin Yarbawa, ba ya gujewa.

14 ga Janairu ya sauka Kaduna,
Gun Sardauna, da damuwa yake tahowa.

Ya ce akwai ƙishin-ƙishin daga bariki,
Suka yi sallama, ya juya yana komawa.

Daren nan soja suka kewaye gidansa,
Suka ce ya fito, ya ƙi miƙawa.

Ya ɗau bindiga, shi da su aka yi ta,
Har suka fi ƙarfinsa kafin wayewa.

Kaduna na kuka, Ibadan na makoki,
Dare guda, 1966, ba mantawa.

Ogbomosho ta karɓi gawar ɗanta,
Yau jami'arta sunansa take amsawa.

Dattijon Fagge:
Ɗana, ina ɗan makaranta a lokacin, a rediyon maƙwabcinmu muka ji.

Sunan Gamji na ji, na fashe da kuka,
Na Akintola ya wuce ban ko tsayawa.

Tabon Fagge yana nan inda yake,
Amma bana zan ambace shi cikin masu faɗuwa.