Mahaifiyata da maganin ciwon gwiwa: ku ba ni shawara

Jama'a, ina cikin damuwa. Mahaifiyata tana Tudun Wada nan Kaduna, shekararta 63, gwiwa ta hana ta sakat. Wata uku ke nan tana shan diclofenac kullum, daga kyamis ɗin unguwa, wani lokacin ma kafin ta karya kumallo. Yanzu ƙirjinta na zafi, ƙafafunta sun kumbura har silifas ba ya shiga. Ga hawan jini kuma.

Na ji irin wannan magani yana cin ciki, yana taɓa ƙoda. Na ɓoye shi, na ba ta paracetamol, ta ce bai yi mata komai ba, a zaune take sallah. Jiya ta ce min, "Ɗana, dawo min da shi."

Asibiti sun ba mu ranar Alhamis. Kafin nan me zan yi? Na shafawa ya fi sauƙin illa? Wane gwaji zan roƙi likita ya yi mata?