Tabilet mai Windows, ko iPad, ko ta Android? Kuɗin na'ura ɗaya gare ni

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, kuma na fi son wanda ya taɓa riƙe abin a hannunsa ya amsa min. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ina karatun digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma, yanzu na shiga zangon bincike. Laftof ɗina ta tsufa, batirinta ya mutu murus, da an ɗauke wuta take ɗaukewa da duk abin da ban adana ba. Ga nauyi. Kullum jakar asibiti a kafaɗa ɗaya, ta kwamfuta a ɗaya, ga goyo a baya.

Na ɗauki adashi, kuma kuɗin na'ura ɗaya ne kawai, ba biyu ba. Abin da zan yi da ita: rubuta kundin bincikena a Word, ina jera madogarai da Zotero, nazarin alƙaluma da SPSS, don shi malamina ya ce, karanta takardun PDF da daddare bayan yara sun yi barci, darasi ta Zoom, sai fita ƙauyuka uku tattara bayanai daga mata masu shayarwa da KoboCollect.

Ƙanena ya ce in sayi Surface Pro ta hannu, tabilet ɗin Microsoft mai Windows, wai tabilet ce kuma cikakkiyar kwamfuta ce, jifa ɗaya tsuntsu biyu. Abokiyar aikina ta ce kar in soma, in sayi iPad ko Galaxy Tab, wai tabilet mai Windows sunanta kawai tabilet. Shin da gaske mai Windows za ta yi min aikin tabilet kamar waɗancan? Ina tsoron in zuba kuɗin da na daɗe ina tarawa in dawo ina cizon yatsa.

Malamin kwaleji, Zariya:

Wa alaikumus salam Malama. Tun daga inda kika ambaci SPSS rabin tambayar ya amsu. SPSS a kan Windows da Mac ake girka shi, babu shi a iPad, babu shi a Android. Haka maɓallin Zotero da ke shiga cikin Word yana jera miki madogarai, a Word na kwamfuta yake aiki. A iPad za ki iya karanta takardunki cikin manhajar Zotero, ki ja layi, ki yi rubutu a gefe, amma ranar da malaminki ya ce a sauya tsarin madogarai gaba ɗaya, kwamfuta za ki nema. Na ga ɗalibai da iPad mai tsada a jaka suna bin abokai aron laftof a makon miƙa aiki.

Ki kuma sani cewa Word da Excel na tabilet kyauta ne a yi gyara da su idan fuskar na'urar ba ta wuce inci 10.1 ba. Wadda ta fi haka girma sai an biya kuɗin Microsoft 365.

'Yar'uwa daga Kaduna:

Malam gaskiya ka faɗa, amma a bar ni in faɗi ɗaya ɓangaren, don ni na riƙe duka biyun. Mai gidana yana da Surface, ni iPad nake amfani da ita.

'Yar'uwa, ki tuna yadda za ki yi karatun nan na dare. Kina kishingiɗe, yaro na kwance a jikinki, hannu ɗaya kawai kike da shi. iPad ɗin talakawa ba ta kai giram 500 ba. Surface Pro kusan giram 800 ce ita kaɗai, idan aka maƙala mata madannanta ta haura kilo ɗaya. A takarda bambancin kamar ba komai ba ne, amma bayan minti ashirin wuyan hannunki zai gaya miki. Sannan manhajojin Windows yawancinsu don linzami aka yi su. Ki cire madannan ki ce za ki yi aiki da yatsa a SPSS ko Excel, za ki ga ƙananan akwatunan nan kamar ƙwayar gero, ki nufi wannan ki taɓa na kusa da shi. A iPad komai an yi shi daidai da faɗin yatsa tun daga tushe.

Sai caji. Nakan ajiye tawa kwana biyu ban taɓa ba, in ɗauka in same ta kusan yadda na bar ta, kuma nan take take farkawa kamar waya. Shi kuwa mai gidan bai taɓa fita da tasa babu caja a jaka ba. A wurina mai Windows ƙaramar laftof ce da ake cire wa madannai, kuma a haka ya kamata a saye ta.

Mai gyaran kwamfuta, Kano:

Hajiya, shekaru na yi ina buɗe waɗannan na'urori, bari in ɗan tsawaita.

Wannan gasa ba yau aka fara ta ba. Microsoft ya riga Apple shiga harkar, tun 2002 ya fitar da Windows XP na tabilet, mai alƙalami, amma bai karɓu ba sai a ofisoshi kaɗan. A 2010 iPad ta fito da tsarin da aka ɗauko daga waya, ta cinye kasuwa. A 2012 Microsoft ya mayar da martani da Surface RT, wadda kamanninta na Windows ne amma ba ta ɗaukar manhajojin kwamfuta da aka saba da su. Mutane suka ƙi ta, har a 2013 kamfanin ya sanar da asarar kusan dala miliyan 900 a kanta. Surface ba ta miƙe ba sai da Pro 3 ta fito a 2014, kuma a lokacin tallarta ita ce za ta maye miki gurbin laftof. Kin ga su kansu masu ita da laftof suka koma haɗa ta, ba da iPad ba. Haka kuma hanyar da suka buɗe ta sa manhajojin Android a cikin Windows 11, sun rufe ta a watan Maris na 2025.

To duk da haka, ga aikin da kika lissafa, ni ma Windows zan ce. Amma ta hannu tana da tarko, ki riƙe waɗannan.

Kar ki sayi ƙasa da Surface Pro 6. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 a hukumance daga na'urori masu injin Intel ƙarni na 8 yake farawa. Pro 4 da Pro ta 2017 duk ba su shiga ba, su ne kuma suka cika kasuwa saboda araha. Idan kuɗinki ya kai, Pro 7 ta 2019 ta fi, domin tana da ramin USB-C, tana karɓar caji ta nan daga fawa bank mai ƙarfi. Waɗanda suka gabace ta sai da cajarsu mai maganaɗisu, kuma idan ta lalace samun ta gaske aiki ne.

RAM ɗinta, wato ma'ajin da manhajoji ke aiki a cikinsa idan an buɗe su, a like yake jikin allon ciki, ba a ƙarawa. Abin da kika saya da shi za ki zauna, saboda haka kar ki karɓi mai 4GB ko da an rage miki kuɗi, ki nemi 8GB zuwa sama. Surface Go ƙarama ce mai kyau a ido, amma mai 4GB ɗin za ta yi miki nishi idan kika buɗe SPSS da Word da Zoom tare.

Babban abin shi ne batir. Gilashin fuskarta da gam aka manne shi, kuma ta nan ake shiga ciki. Canza batir sai an gasa gefen da zafi an ɗaga gilashin a hankali, ko ƙwararre yana iya fasa shi. Don haka kafin ki biya, ki kwantar da ita a kan tebur ki kalle ta ta gefe. In kika ga gilashin ya ɗan taso, ko wani wuri ya yi rawaya-rawaya, batir ne ya kumbura, ki ajiye musu kayansu. Sannan ki sa a buɗe Command Prompt, wato tagar rubuta umarni ta Windows, a rubuta powercfg /batteryreport. Zai ajiye rahoto a fayil, a buɗe shi a duba lamba biyu, ƙarfin batirin lokacin da yake sabo da ƙarfin da yake ɗauka yanzu. Idan na yanzu ya faɗi ƙasa sosai, wahalar da kika gudo ce za ki sake saya.

Ki tabbatar madannan suna cikin cinikin, don daban ake sayar da su, haka alƙalamin.

Jami'in tattara bayanai, Katsina:

Anti, akwai abin da ba a taɓo ba. KoboCollect manhajar Android ce. Ba ta hawa Windows, ba ta hawa iPad. Akwai fom ɗin Kobo da ake buɗewa a burauza, yana aiki ko babu intanet, amma a fili mu duk Android muke riƙewa, don ita ce ba ta ba mu matsala wajen ɗaukar wuri da GPS da hoto. Yawancin tabilet masu Windows ma ba su da GPS ko wurin sa layi sai 'yan kaɗan.

Kuma ki duba yanayin aikin. Za ki shiga gida, a shimfiɗa miki tabarma a tsakar gida, rana na dukan fuskar na'urar, ƙura na tashi, yara sun kewaye ki kowa na son taɓawa. Na taɓa fita da babbar na'ura irin wannan, matar da nake yi wa tambayoyi ta kasa sakin jiki, idonta na kan abin, tana tsammanin hoto nake ɗaukarta. Da na koma ƙaramar waya sai hira ta tafi daidai. Wace waya kike riƙewa yanzu? In Android ce, aikin ƙauyen nan ya riga ya samu na'urarsa.

Ɗalibin kimiyyar kwamfuta:

Ni dai ina ganin ana yi wa Windows hukunci da tsofaffin kaya. Surface Pro ta 2024 da injin Snapdragon X ta zo, irin ginin ARM da wayoyi ke amfani da shi. Batirinta na jimawa, ba ta zafi kamar na Intel, kuma tana da Prism mai fassara mata tsofaffin manhajoji su yi aiki. Su ma ɗaya ɓangaren ai kwamfuta suke kwaikwayo. Samsung na da DeX mai mayar da fuskar tabilet kamar ta kwamfuta, Apple ya sa injin M1 na Mac cikin iPad Pro a 2021, a 2025 kuma iPadOS 26 ya zo da tagogi da ake ja ana jerawa kamar na kwamfuta. Kowa na tafiya wajen ɗan'uwansa, nan gaba kaɗan bambancin zai ɓace.

Mai gyaran kwamfuta, Kano:

Ƙanena, abin da ka faɗa haka yake, amma Hajiya ta ce adashi ta ɗauka, kuma bana za ta miƙa aikinta. Ta 2024 ɗin ba ta sauko inda kuɗinta zai kai ba. Bayan haka Prism manhajoji yake fassarawa, ba ya fassara direba, wato manhajar da ke haɗa kwamfuta da na'ura irin su firinta. Tsohuwar firintar sashensu, in ba a yi mata direban ARM ba, tana iya ƙin aiki ko ta yi rabi-rabi. Tagogin iPad kuma ba su kawo SPSS ba. Matsalar batir ta gyaru a sababbin, na yarda, amma manhajojin yatsa har yanzu suna wajen Apple da Google, manhajojin aiki mai nauyi suna wajen Windows.

Wata uwa, malamar makaranta:

'Yata, ni ba masaniyar na'ura ba ce, abin da ya same ni zan gaya miki. Na sayi tabilet ta hannu a wani shago, sai da na iso gida na tarar a kulle take da asusun mai ita na farko. Sati uku ina zirga-zirga kafin a canza min. Kowacce kika zaɓa, a goge ta a gabanki, ki shiga da naki asusun, ki haɗa ta da intanet ki ga ta buɗe lafiya, sannan ki miƙa kuɗi. A rubuta miki rasit mai lambar na'urar da kwanakin gwaji. Ki tafi da ƙanen naki.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Wayata Android ce, yanzu na sauke KoboCollect a kanta kuma fom ɗin gwajin da malamina ya turo ya buɗe, to wannan ya fita. Karatun dare ne ya rage min tunani, don maganar 'yar'uwata ta Kaduna ta shige ni, amma kundin shi ne gaba. Malam mai gyara, tambaya ɗaya: tunda a matsayin laftof zan yi amfani da ita, ba gara in sayi ƙaramar laftof kawai ba?

Mai gyaran kwamfuta, Kano:

Hajiya, wannan tambayar ta fi ta farko. Idan ba za ki yi rubutu da alƙalami a kan PDF ba, laftof mai inci 13 irin ta ofis, ThinkPad ko Latitude ko EliteBook, ƙarni na 8 zuwa sama, za ta fi miki kwanciyar hankali. Da sukurdireba ake buɗe bayanta, batirinta na samuwa a nan Kano, kuma tana zama daram a kan cinya. Surface da ƙafar bayanta take tsayawa, tebur take so, a kan cinya ko katifa tana rawa. Abin da za ki samu a Surface wanda babu a can shi ne rashin nauyi, da alƙalami, da damar cire madannai ki karanta. Ki je ki ɗauki kowacce a hannu, ki zauna ki ɗora ta a cinya ki rubuta layi biyar. Kuma duk wadda kika saya mai Windows, ranar farko ki shiga saitin Wi-Fi ki kunna metered connection a kan hotspot ɗin wayarki, don kar sabuntawa ta shanye miki data.

Mai tambaya:

To madalla. Asabar in sha Allahu za mu shiga kasuwa da ƙanena. Na rubuta Pro 7 mai 8GB da laftof mai inci 13 a takarda, da umarnin duba batirin nan. Zan ɗauki hoton lambobin biyu in turo nan kafin in biya, don Allah Malam ka kasance kusa da wayarka wajen azahar.