An rubuta 472 a kan rizista, mita kuma ta nuna 4.70

Ɗan koyo, Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum manyanmu. Ina koyon gyaran caja da rediyo a nan Katsina. Na auna wani ƙaramin rizista mai lamba 472, mitar awon lantarki (multimeter) tana kan matakin 20k, sai ta nuna 4.70. Da na mayar da ita kan 200 sai 1 kaɗai ta fito a gefen hagu. Ya ƙone ne? Sannan kafasita mai lamba 104 nawa ce a µF (maikrofarad, ma'aunin kafasita)?

Mai gyaran inbata, Daura:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Rizistanka lafiyarsa ƙalau. Lambobi biyun farko ka karanta su yadda suke, 47, ta ukun kuma tana gaya maka sifili nawa za ka ƙara. Ka ga 4700Ω ke nan (Ω shi ne ohm, ma'aunin rizista). Harafin k dubu ne, don haka a matakin 20k mita da dubbai take lissafi: 4.70 ɗin nan 4.7kΩ ne. A matakin 200 kuwa awon ya fi ƙarfinta, shi ya sa ta tsaya a 1. Wasu mitocin OL suke rubutawa. Idan ka ci karo da 4K7, harafin ne ya zauna a gurbin ɗigo. 4R7 kuma 4.7Ω ne kacal. Ka riƙa cire rizista daga allon na'urar kafin awo, in ba haka ba maƙwabtansa za su rage maka lambar.

Malamin lantarki, Ƙofar Marusa:
Ƙa'idar kafasita ɗaya ce da wannan, sai dai da pF (pikofarad, ƙaramin ma'aunin kafasita) ake farawa. 104 na nufin 100,000pF. Raba da dubu, 100nF. Sake rabawa, 0.1µF. Daga p zuwa n zuwa µ zuwa m, kowane hawa ninki dubu ne, wato ɗigo ya matsa gida uku. MFD da ke jikin kafasitar fanka µF ake nufi. Manyan kafasitocin caja suna riƙe wuta bayan an zare daga soket, sai ka sauke ta da rizista kafin ka kai hannu.

Mai gyaran waya, Katsina:
Malam, bari in ƙara abin da ke cin fiyus ɗin mita. Ƙaramin m kashi ɗaya ne cikin dubu, babban M miliyan ne (ban da na MFD ɗin nan), kada a haɗa su. Ramin mita da aka rubuta 200mA iyakarsa 0.2A (A shi ne amfiya, ma'aunin wutar da ke gudana). Cajar da ke ba da 2A tana turo 2000mA, ninki goma ke nan, nan take fiyus zai tsinke. Ka fara sa jar wayar mita a ramin 10A, ka jera mita a kan hanyar wutar, kada ka ɗora bakunanta kai tsaye a kan batir. Da ka gama, mayar da wayar ramin V.

Ɗan koyo:
Allah ya ƙara basira. Ke nan idan ina awon V na batir, mita na kan 2000m ta nuna 1500, batirin 1.5V ne?

Mai gyaran inbata:
Haka ne. Amma batirin waya mai 3.7V sai ka hau matakin 20.